Babbaƙu, Farfaru, Aji Uku

Idan ka tambayi magidanci a Ja'en ko Dakata ko Panshekara ina ɗansa, ya ce maka ya tafi karatu, to bai gaya maka komai ba tukuna, sai ka ɗaga kai ka dubi rana. In sanyin safiya ne, yaron na gaban alaramma da allo a cinya. In hantsi ya dubi ludayi, yana firamare. In la'asar ta yi, ko dai Islamiyya ko lesin. Duk sunansu karatu. Ɗalibin Jami'ar Bayero karatu yake yi, tsohon da ke tilawar izu biyu kafin ya kwanta karatu yake yi, mai duba jarida a bakin geti shi ma haka, kai har wanda duniya ta juya wa baya ya zauna ya yi tagumi, cewa ake yi yana karatun ta-natsu.

Kalma mai faɗi irin wannan tana da daɗin sha'ani, amma akwai abin da ke ɓuya a cikinta. Yaro ya dubi baƙaƙen da bai taɓa ganin an jera su haka ba, ya haɗa su da kansa, ya fitar da magana, ya kuma gane abin da maganar ta ce: wannan aikin ba shi da suna nasa na kansa a bakin iyaye. Shi ya sa yaro kan yi shekara huɗu yana zuwa karatu sau uku a rana, kowa a gida ya shaida yana karatu, a miƙa masa takardar asibiti ya yi zuru.

Joseph Greenberg, masanin harsuna ɗan Amurka, ya nuna a wata maƙala ta 1960 cewa karatu da rubutu duk ta hannun Barebari suka shigo Hausa. Tushen karatu Larabci ne, kuma a can ma kalmar ta haɗa duba rubutu da rera shi a bayyane. Da murya ta zo mana, da murya muka riƙe ta. A wurinmu karatu abin ji ne: muna cewa wane yana da daɗin karatu, muna kiran wanda ke zaune kusa da mai tafsiri mai jan baƙi. Saboda haka in hedimasta ya bi baranda ya ji aji ya ɗauka baki ɗaya, sai hankalinsa ya kwanta, ana karatu. Ajin da ya yi tsit, kowane yaro ya duƙufa kan shafinsa, shi ne za a leƙa a ga ko malamin ya fita.

Ba a rasa dalilin da ya sa na zaɓi unguwannin da ke kewaye da masana'antu ba. Bompai ce babbar yaya, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, kowace da jama'ar da ta tara a gindinta: Dakata da Gama da Birget da Kawaji a gefen Bompai, Ja'en da Sabuwar Gandu a gefen Sharaɗa, Panshekara da Zawaciki a hanyar Challawa, inda kamfanonin jima ke jere. A nan ne iya karatu ya zama abin da ake gani a aljihu ƙarshen wata. Paul Lubeck, wanda ya zauna da leburorin masana'antun Kano a farkon shekarun 1970 ya kuma fitar da littafi a kansu a 1986, ya tarar da yawansu ta hanyar almajirci suka shigo birni, gardawa ne da 'yan ci-rani da suka kama aikin kamfani. Mutum ya yi sauka, yana rubuta wa iyayensa wasiƙa da ajami, amma ranar biya a turo masa tawada ya dangwala yatsa, domin rajistar da boko aka rubuta ta. Kamfani ya raba mutane gida biyu, masu sa hannu da masu dangwale. Mai sa hannu na iya zama sitokifa ko akawu, kalmar da muka aro daga Yarbanci, inda take nufin mai rubutu. Mai dangwale, in ya yi sa'a, ya tsaya a helma. Ajin manya da aka buɗe wa irin waɗannan mutane tun shekarun 1950 sunansa Yaƙi da Jahilci, sunan da har yau yake bin ajin duk da hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980. Suna ne mai nauyi a ɗora wa mutumin da ya haddace izu sittin.

Jikokin waɗancan leburori ne ke cike da firamaren unguwannin yau, kuma kakanninsu sun bar musu gadon sanin cewa boko ne ke raba mai kujera da mai ɗaukar kaya.

Ita kalmar boko an sha tattauna ta, ba zan daɗe a kanta ba. An jima ana cewa daga kalmar Turanci ta littafi ta fito. Liman Muhammad ya musa haka tun 1968, Paul Newman kuma ya dawo da hujjar a 2013: da aro ce daga can, da buku za mu ce, kamar yadda muka ce kuku ga mai dafa wa Bature abinci. Boko tsohuwar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, ita ce a amaryar boko, ita ce a biri-boko. Malaman farkon ƙarni na 20 suka dubi rubutun Nasara suka laƙaba masa ita, ta bi shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sunayen da makarantar allo ta ba matakan koyo, domin a nan ne Bahaushe ya nuna ya zauna ya yi tunanin yadda yaro ke shiga rubutu. Matakin farko babbaƙu. Harafi tsirara, ba wasali, kamar yadda yake a Alƙur'ani rubutun hannu, inda ake yin gangar jikin harafi da baƙar tawada, wasulla kuma da ja. Daga wannan tawadar ne harafi ya samu sunan baƙi. Kowane baƙi kuma an raɗa masa sunan da ke bayyana kamanninsa, yadda yaro ɗan shekara biyar zai gane shi ko a duhu. Ga ba guje, wanda ya miƙe da gudu a ƙarshen kalma. Ga lam jaye da mim jaye, waɗanda aka ja. Ga ha ƙarami, ga ha babba, ga ha kuri da ya dunƙule. Ga ɗa mai hannu. Ga ambaki wofi, wanda ya wangame baki. Ɗigo kuwa ruwa ake ce masa, sin in ya samu ɗigo uku ya zama shin mai ruwa. Duk wanda ya zauna a zaure yana ƙarami, in ka ce masa alu, ambaki, wau, zal, sai ka ga ya yi murmushi, nan ne kowa ya fara.

Sai farfaru. Ba da farar tawada ake yin wasali ba, kishiyar baƙi aka nema aka samu. A nan yaro ke koyon wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri, ya ji yadda baƙi ɗaya ke juyawa ya zama ba, ya zama bi, ya zama bu. Daga nan ya fara haɗa baƙi, ya bi kalma da tsinke har ta fito. Sannan haddatu, ya riƙa biyawa, ya wanke allo, a ɗora masa, har ranar da za a zayyana allon sauka. Su ma masu karatun da sunayensu: ƙolo, titibiri, gardi, alaramma, gwani.

Abin lura shi ne ba wanda ke barin babbaƙu don shekara ta zagayo. Yara biyu sa'o'in juna na iya zama kan buzu ɗaya, wannan yana farfaru, wancan ya yi nisa cikin izu na biyu, kuma kowa ya sani. Uwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana iya tambayar ɗanta wace sura yake, ta kuma fahimci amsar. Sunan matakin shi ne bayanin abin da yaron ya iya.

Da boko ya zo bai ƙirƙiri kalmominsa ba, a zaure ya yi aro. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, kuma cikin waɗanda ya fara koyarwa akwai malaman da suka riga suka yi karatun allo, su ne suka zama malaman boko na farko. Da kayan aikinsu suka tsallako: baƙi, wasali, harafi, allo, alƙalami, tawada, darasi, malam, makaranta. Almajiri ne kawai aka bari a bakin ƙofa, aka shigo da ɗalibi. Littattafan farko da aka riƙa bugawa a Zariya ma sunayensu tsani ne: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. Wanda ya haye su sai a ba shi Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937. Dattijon da ya yi elementare yana iya gaya maka a wane littafi ya gane cewa ya iya.

Abin da bai tsallako ba shi ne sunayen matakai. A madadinsu aka samu aji: aji ɗaya, aji biyu, aji uku. Aji kuwa shekara yake ƙirgawa. Lokacin da makarantu ke da 'yan yara kaɗan, kuma ripitin abin tsoro ne, shekara da iyawa suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa. Da aka buɗe ƙofa a 1976 da shirin UPE, aka sake faɗaɗa ta da UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, yara suka yi ambaliya, abin alheri ne babu shakka, amma sai ajin ya koma tafiya gaba ɗayansa, da wanda ya iya da wanda bai iya ba, domin na baya suna jiran benci. A kamfanin lemo da ke Challawa, kwalbar da ba ta cika ba cire ta ake yi daga layi. Layin firamare ba shi da mai cirewa, kuma ɗa ba kwalba ba ne da za a ajiye gefe, sai a bar shi ya bi sahu.

Zancen da ake yi ranar karɓar sakamako kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Uba ya taso daga aikin dare, ido ja, warin magungunan jima bai gama barin rigarsa ba, ya tsaya a ƙofar aji.

"Allah gafarta malam, yaron nan naku yana karatu kuwa?"

"Alhamdu lillahi, Baba, yana ƙoƙari. Wannan zangon na goma sha biyu ya zo."

"To madalla. A cikin su nawa?"

"Ai suna da yawa, Baba."

Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Yana ƙoƙari magana ce ta mutunci, ita ake faɗa wa uban da ba a son a karya wa gwiwa. Na goma sha biyu kuma gaskiya ne, sai dai yana gaya maka yara nawa ɗanka ya fi ne kawai, ba ya gaya maka ko shi da su akwai mai iya karanta layi ɗaya. Da a makarantar allo ne, wannan uban ya san tambayar da zai yi. A nan ba a ba shi kalmar ba.

Mu shiga ajin mu zauna a baya. Malama ta rubuta baƙaƙe huɗu a allo, ta nuna da sanda, aji ya ɗauka: ei, bi, si, di. An yi sati ana wannan, har da waƙa, har da tafi. Da darasin Hausa ya zo ta rubuta gida, ta tashi wata yarinya. Yarinyar ta san baƙaƙenta sarai, ta ce ji, ai, di, ei, ta tsaya tana duban malama. To ta yaya ji da ai da di da ei za su haifi gida? Ba za su haifa ba ko za a kwana ana maimaitawa. Sunayen da aka ba ta na Ingilishi ne, kuma ko a Ingilishin suna ne kawai, ba sauti ba. Baƙin da ta sani da si, a Hausa shi ne farkon ci da cuku da ciniki. Daga ƙarshe wani daga baya ya raɗa mata, ta ce gida, aka tafa mata. Gobe in ta ga kalmar za ta gane ta kamar yadda take gane tambarin biskit, amma a sauya baƙi ɗaya a rubuta giwa, an koma gidan jiya.

Alhali Hausa na da nata jerin, abacada: a, ba, ɓa, ca, da, ɗa, inda sunan baƙi ke ɗauke da sautinsa. Daga nan sai ba, be, bi, bo, bu, wanda ba komai ba ne illa farfaru cikin rigar boko. Sai gaɓa, kalmar da aka ɗauko daga gaɓar jiki da ta rake: gi da da, gida. Rubutun Hausa na boko kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake da shi, abin da mai koyon Ingilishi zai yi sadaka ya samu.

Yanzu wannan tsohon aikin ya dawo da sabon suna, foniks. An horar da malamai a Kano kan Jolly Phonics, tsarin da aka yi a Ingila. A Sakkwato da Bauchi an yi shirin Mu Karanta da tallafin Amurka, a Katsina da Zamfara an yi RANA tare da UNICEF, dukansu kan koyar da yaro sautin baƙi da haɗa shi, waɗannan biyun na baya da Hausa. Aiki ne mai kyau, ba na raina shi. Abin da ke ba ni takaici sunan ne. A makarantun kuɗi da suka cika lungunan Sharaɗa da Dakata, inda malama ta koma anti, malam ya koma ankul, iyaye da yawa sun ɗauka foniks shi ne yaro ya iya Turanci ta hanci, har wani wurin kuɗinsa daban ake biya. Da an ce wa uba yau an fara koya wa ɗanka haɗa baƙi, da ya gane nan take, da kuma ya san yadda zai gwada shi da dare.

Kada a ce na mayar da allo aljanna. Tsaninsa na hawa rubutu ne, ba na shiga ma'ana ba. Yaro na iya sauka bai san Larabcin abin da ya sauke ba, wannan sai ya je zauren ilimi daga baya, in ya je. Ga kuma nauyin da yaron yau ke ɗauka wanda kakansa bai ɗauka ba. Da asuba yana karanta warash, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama. Da yamma a Islamiyya hafsi ne, fa ta ɗauki ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ta ɗauki biyu, wato abin da ya sani da ƙaf da safe ya zama fa da la'asar. Tsakanin su biyun ga boko daga hagu zuwa dama, cikin harsuna biyu masu ba baƙi ɗaya sauti daban. Duk wannan a kan ɗan shekara bakwai, kuma duk da suna ɗaya.

Shi ma haɗa baƙin ba shi ne ƙarshe ba, rubutun Hausa da kansa ya hana. Ba ma nuna tsawon wasali, ba ma nuna karin sauti. Gari na tuwo da gari na sarki rubutunsu ɗaya. Baƙi na allo da baƙi da suka sauka a gidanka rubutunsu ɗaya, in kuma aka yar da ƙugiya, yadda ake yi a saƙon waya da allunan shaguna, sai baki na cin abinci ya shigo ya zama na uku. Yaron da ya karanta ya shiga gari da muryar garin tuwo ya haɗa baƙi daidai, amma bai ji abin da ya faɗa ba. Wanda ya tsaya, ya koma, ya gyara murya da kansa, wannan ya fara karatu na gaske. Malamai na kiran wannan fahimta, a jadawali kuma auna fahimta, kuma ba ya samuwa sai a harshen da yaro ke ji.

Nan ne maganar harshen uwa ke shigowa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da shi a shekarun farko na firamare. A 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka ce a kai shi har aji shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Ingilishi. Ana ta kai ruwa rana a kan haka, amma a gindin Bompai sunan da kansa yana da gyara. A Birget da Gama akwai 'ya'yan Igala, da Idoma, da Ibo, da Yarbawa, da Barebari, da mutanen Nijar, waɗanda aikin kamfani ya kawo iyayensu. Harshen uwarsu daban-daban ne, harshen layinsu ɗaya. Da Hausa suke ƙwallo, da ita suke faɗa, da ita ake aikensu sayen magi. Takardar 1977 ta hango wannan, domin ta ce harshen uwa ko harshen jama'ar wurin. Rabin jimlar na biyu shi ne ya dace da waɗannan unguwanni, shi ne kuma aka fi mantawa in ana muhawara. Ko ma wane harshe aka rubuta a takarda, duk wanda ya tsaya a tagar aji biyu zai ji abin da ake yi: a karanta da Turanci, a yi bayani da Hausa, a yi tsawa da Hausa.

A 2019 gwamnatin Kano tare da British Council da TaRL Africa suka gwada wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Dabarar daga ƙungiyar Pratham ta Indiya aka samo ta. A zaunar da yaro shi kaɗai, a miƙa masa takarda ɗaya mai baƙaƙe, da kalmomi, da ɗan sakin layi, da gajeren labari, a ga inda ya tsaya. Sannan na wani lokaci a kowace rana a manta da aji, a tara yara bisa inda suka tsaya: masu farawa, 'yan harafi, 'yan kalma, 'yan sakin layi, 'yan labari. Ɗan aji shida na iya samun kansa da ɗan aji huɗu kan tabarma ɗaya, kuma ba ya tashi daga nan sai ya iya. Daga Indiya aka kawo, amma duk alaramman da aka yi wa bayani zai ce ai wannan babbaƙu da farfaru ne, sai dai an ƙara musu hawa biyu a sama, inda ake tambayar yaro me labarin ya ce.

Takardar sakamakon da uba ke ninkewa ya sa a aljihu a Ja'en ko Panshekara tana da gurbin maki, da gurbin na nawa ya zo, da gurbin ra'ayin malami. Ƙara layi ɗaya da zai ce yaro yana harafi ko yana kalma ko ya kai labari ba zai ci ko sisin kwabo ba a wurin mai buga takarda. Tsadar tana wurin cike layin, domin sai an saurari yara ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a sauraron yaro ɗaya alhali sauran ajin na hawa benci. Alaramma ya warware wannan tun tuni, yana da gardawa da ke biya wa ƙolawa, shi kuma yana ɗori. Malamar aji biyu ba ta da kowa sai monita, shi kuwa aikin da aka ba shi rubuta sunayen masu surutu.